Lafiyar Iyali: Maganin Kunama a Jikin Kunama Ya Ke?

Ga shi bazara ta kama, ɗaki ba ya kwantuwa, kowa ya fid da tabarmarsa tsakar gida. To, mu sani ba mu kaɗai zafi ya koro waje ba. Kunama ma ta fito, shanshani ya fito, in an yi ruwan fari kuma cinnaka da tururuwa za su biyo baya. Daga Dogon Daji zuwa Jabo, daga Tambuwal zuwa Kebbe da Kuchi, da wuya unguwa ta yi mako guda a wannan lokaci ba a ji ihun yaro da tsakad dare ba, a haska tocila a ga kunama ce.

Wata uwa daga wajen Kebbe ta rubuto mana. Ta ce ƙaninta da ke karatu a Indiya ya zo hutu, ya kawo mata wata 'yar kwalba cike da fararen ƙwayoyi ƙanana kamar tsabar gero, masu zaƙi a baki. A jikin kwalbar an rubuta Apis 30C. Ya gaya mata da ƙudan zuma a ka yi shi, yana maganin harbi da kumburi, ba shi kuwa da illa ko kaɗan. Tambayoyinta uku ne. Da gaske da ƙwaro a ka haɗa shi? Ko akwai tsafi a ciki? In kunama ta harbi yaronta, ta ba shi? Tun da ya ke irin waɗannan kwalabe suna ƙara shigowa, ta hannun matafiya da ta tallar da a ke yi a wayar hannu, na ga ya kamata mu ba maganar fili sosai.

Wannan irin magani sunansa homiyofati. Ba na Indiya ba ne asalinsa, ko da ya ke a can ya fi samun gindin zama yau. Wani likita ne Bajamushe, Samuel Haniman, ya ƙago shi. An haife shi a 1755, ya rasu a birnin Paris a 1843, watau ya yi zamani da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda shi ma ya yi rubuce-rubuce a kan magani a nan Sakkwato. A 1790 Haniman yana fassara wani littafin likitanci daga Turanci zuwa Jamusanci, sai ya iske bayani a kan ɓawon itacen sinkona, wanda a ke kawowa daga Amurka ta Kudu domin maganin zazzaɓin cizon sauro. Bayanin bai gamshe shi ba. Sai ya ɗebi ɓawon ya sha, alhali lafiyarsa lau. Ya ce ya ji bugun zuciya, da rawar jiki, da ƙishirwa, da kasala, kamar mai zazzaɓi. Daga nan ya yanke cewa abin da ke jawo wa mai lafiya alamun wata cuta, shi ne zai warkar da mai wannan cuta. Ya buga wannan ra'ayi a 1796, ya kuma fitar da babban littafinsa a 1810.

Bahaushe ba zai yi mamakin wannan tunani ba, gama ya riga ya san shi. Wa bai taɓa ganin an kashe kunamar da ta yi harbi, an murtsuke ta a kan wurin ba? Akwai gidajen da ke ajiye kwalbar mai da kunamai a jiƙe a ciki. Akwai masu ƙone ta, su niƙa, a yi tsaga a shafa, wai rigakafi. Ranar kasuwa kuma ga gardi da kunama tana yawo a kan fuskarsa, yana sayar da ƙullin gari ga 'yan kallo. Duk ra'ayin ɗaya ne: maganin abu a jikin abin ya ke. Bambancin Haniman da gardi shi ne, shi ya zauna ya tsara abin a rubuce, ya kuma ƙara masa wata ƙa'ida ta biyu wadda za mu zo kanta.

Almajiransa suka bi halittu ɗaya ɗaya. Ga kaɗan daga cikin sunayen da za ku gani a jikin kwalabe, da abin da ke bayansu. Apis ƙudan zuma ne, a kan niƙe shi dukansa a jiƙa cikin barasa. Tun da harbinsa na sa kumburi mai ja da zafi, sai su ka ce shi ne maganin kumburi. Formica wata jar tururuwa ce ta dazuzzukan Turai, suna ba da ita domin ciwon gaɓoɓi. Cimex kuɗin cizo ne, Pulex ƙuma ce, Pediculus kwarkwata ce, Culex kuwa sauro. Tarentula wani babban gizo-gizo ne na ƙasar Sifen, wai na mutumin da ba ya iya zama wuri ɗaya. Scolopendra shanshani ne. Androctonus kunama ce ta hamada. Cantharis ɗan'uwan hangara ne, suna ba da shi domin ƙuna da fitsari mai zafi. Wanda ya fi ba ni dariya shi ne Blatta, watau kyankyaso, wanda a ke ba masu ciwon fuka a Indiya. Labarin da su ke bayarwa shi ne, wai wani mai fuka ya sha shayin da kyankyasai su ka faɗa ciki bai sani ba, ya ji sauƙi. Likitocin ƙirji kuwa sun tabbatar kashin kyankyaso da ɓurɓushin jikinsa suna cikin manyan abubuwan da ke ta da fuka ga yara.

Sabo da haka amsar tambaya ta fari ita ce, i, da ƙwaro a ka fara. Amma kada uwar gida ta yi saurin tofar da yawu. A ji ƙa'ida ta biyu tukuna.

Haniman ya ga yawancin abubuwan da ya ke gwadawa dafi ne, in an sha da yawa sai su yi ɓarna. Sai ya shiga surka su. A ɗauki ɗigo 1 na ruwan ƙwaron, a zuba cikin ɗigo 99 na ruwa ko barasa, a girgiza da ƙarfi ana buga kwalbar a kan wani abu mai ɗan taushi. Wannan shi ne 1C. Sa'an nan a ɗauki ɗigo 1 daga cikin wannan, a sāke zubawa cikin sabon ɗigo 99, a girgiza. Ya zama 2C. Haka za a yi ta yi. Lambar da ke gaban harafin C tana nuna sau nawa a ka yi wannan surki. Daga ƙarshe a ɗiga ruwan a kan ƙwayoyin sukari, a bari su bushe, a ɗura a kwalba. Ya kuma koyar da cewa surki da girgiza ba rage ƙarfin magani su ke yi ba, ƙara shi su ke yi. Watau a wurinsu 30C ya fi 6C ƙarfi.

Ni malamin makaranta ne, bari mu je allo. Ɗigo 100 wajen cokalin shayi guda ke nan. To, 1C ɗigo ɗaya ne cikin cokalin shayi. 2C ɗigo ɗaya ne cikin rabin lita, watau ledar ruwan sha guda. 3C ɗigo ɗaya cikin lita 50, jarka biyu da rabi. 4C ɗigo ɗaya cikin duro 25. Tun daga nan ma an wuce abin da harshe zai ɗanɗana. In an kai 6C, ɗigo ɗaya ne cikin duro 250,000. In an kai 8C, sai ku tuna da madatsar ruwa ta Bakolori kusa da Talatar Mafara, wadda a ka gama a 1978. Mutum ya tsaya a bakinta sa'ad da ta cika maƙil, ya ɗiga ɗigo ɗaya tak, ya motsa ruwan duka, ya ɗebi cokali: wannan shi ne 8C, har ma da ɗan ragi. A 13C, ɗigon nan ɗaya yana bukatar ruwan da ya ninka na dukan tekunan duniya kusan sau huɗu. Kwalbar 'yar'uwarmu ta Kebbe kuwa 30C a ka rubuta, da sauran surki 17 a gaba.

Akwai iyakar da ba a iya ƙetarewa. Kowane abu, ko gishiri ko dafi, an gina shi da 'yan mitsi-mitsin ƙwayoyi waɗanda ido ba ya gani, suna da yawa ƙwarai amma suna da adadi. In ka raba mudun gero tsakanin mutane, ka yi ta rabawa, dole a kai inda wani zai sami tsaba ɗaya, na bayansa ya tashi hannu wofi. Masana sun lissafta cewa daga wajen 12C an kai wannan iyaka. Duk abin da ya wuce nan, da wuya a sami ko ƙwaya ɗaya ta ƙudan zuman a cikin kwalbar. A zamanin Haniman ba a riga an san wannan adadi ba, sabo da haka shi muna iya yi masa uzuri. Masu sayarwa na yau sun sani. Amsar da su ke bayarwa ita ce wai ruwa yana tuna abin da ya taɓa shiga cikinsa. In haka ne, ruwan rijiyarmu ya tuna da guga da igiya da kwaɗo da akuyar da ta faɗa ciki bara. Me ya sa ƙudan zuma kaɗai zai riƙe?

Nan ne amsar tambaya ta biyu ta ke. Ba a yanka wa kowa kaza ba, ba a kira sunan wani iska ba. Haniman dai ya gaskata akwai wani ƙarfin rai a jikin mutum wanda cuta ke karkatarwa, magani kuma ya daidaita shi, amma wannan ra'ayin likitocin zamaninsa ne. Abin da ke hannunki, 'yar'uwa, sukari ne. Kada ki ji tsoronsa, kada kuma ki dogara gare shi. In na ruwa ne a ka kawo miki mai ɗigawa, ki lura, yawancinsu da barasa a ke haɗawa.

To, in sukari ne kawai, yaya a ka yi abin ya yi shekara fiye da 200 bai mutu ba, har yana da makarantu da asibitoci a Indiya, gwamnatin ƙasar kuma ta sa shi ƙarƙashin wata ma'aikata tun 2014? Tambaya ce mai kyau, kada mu raina ta.

Da fari, ku dubi likitancin da Haniman ya tarar. A lokacinsa likitan Turai in ya zo wurin majiyyaci sai ya tsaga jijiya ya zubar da jini kwano guda, ya ba shi maganin amai da na gudawa, har da mai haɗe da zaiba. Namu ƙahon wanzami wasa ne a kan nasu. Mai ciwon da a ka ba sukari da ruwa mai tsabta, a ka ce ya huta ya ci abinci, ya fi wanda a ka tatse jininsa samun tashi. Lokacin annobar kwalara a Landan a 1854, waɗanda su ka mutu a asibitin homiyofati ba su kai na sauran asibitoci ba ko kusa. Mutane su ka ce maganin ne. Gaskiyar ita ce, da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Na biyu, jiki da kansa mai warkarwa ne. Harbin kunama ga babban mutum, galibi zafi ne mai tsanani na sa'o'i kaɗan, ya kwana ya wuce. Harbin zuma ya kumbura kwana biyu ya saɓe. Mura ta yi mako ta tafi. Mutum kuwa ba ya neman magani sai ciwo ya kai ƙarshen tsananinsa, watau daidai lokacin da zai fara sauka. Duk abin da a ka shafa a wannan sa'a shi ke karɓar godiya, ko man kunama ne, ko garin gardi, ko Apis. Haka ma saran maciji: ba kowane maciji ke da dafi ba, mai dafin ma ba kullum ya ke zuba shi ba. Mai magani ya yi wa mutum goma aiki, takwas dā ma za su tashi. Su takwas ɗin su ke yaɗa sunansa a kasuwa. Biyun da su ka mutu sai a ce kwana ne ya ƙare.

Na uku, kuma wannan darasi ne ga ma'aikatan asibitinmu, mai homiyofati yana zama da majiyyaci. Ya kan yi sa'a guda yana tambaya: yaya barcinka, me ka ke marmari, me ke damun zuciyarka? Mutumin da ya saba a rubuta masa takarda tun bai gama faɗin ciwonsa ba, in ya sami mai sauraronsa haka, lalle zai fita da sauƙi a ransa. Sa rai da kwanciyar hankali suna rage jin zafi, an gwada an gani. Amma ba su kashe ƙwayar zazzaɓi a cikin jini, ba su kuma tsai da dafi.

Yadda a ke raba gardama a kan kowane magani ɗaya ne. A sami majiyyata masu ciwo iri ɗaya, a raba su biyu ta hanyar ƙuri'a. Rabi a ba su maganin, rabi a ba su ƙwayar banza mai kama da shi, ba tare da su ko likitan sun san wa ya sami wanne ba. Sa'an nan a ƙirga waɗanda su ka warke. An yi wa homiyofati wannan gwaji sau da yawa. A 2010 wani kwamitin majalisar dokokin Ingila ya bincika, ya ce bai fi ƙwayar banza ba. A 2015 hukumar binciken lafiya ta Ostareliya ta duba gwaje-gwaje 176 a kan cututtuka 61, ba ta sami ko cuta ɗaya da za a ce ga tabbatacciyar shaida yana warkarwa ba. A 2017 hukumar lafiya ta Ingila ta shawarci likitocinta su daina rubuta shi, Faransa kuma ta daina biyan kuɗinsa daga asusun lafiya a 2021. Tun 2009 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi kada a dogara da shi domin tarin fuka, da zazzaɓin cizon sauro, da cutar ƙanjamau, da gudawar jarirai. Duk da haka har yanzu mutane da yawa a Jamus da Indiya suna saye, wasunsu ma masu ilmi ne ƙwarai. Yawan masu saye dai ba shi ne gwaji ba.

Abin ban sha'awa, ɓawon sinkonan da ya fara ta da maganar magani ne na ainihi. Daga cikinsa a ka fid da kwinin a 1820. A 1854 Likita Baikie ya shigo da jirgin ruwa ta Kwara ya hau Binuwai, yana ba mutanensa kwinin kowace rana, ya koma ba wanda zazzaɓi ya kashe, alhali tafiye-tafiyen da su ka gabata gawa a ke ta binnewa. Shi ne wanda daga baya ya zauna a Lakwaja, har ya juya wasu sassan Littafi Mai Tsarki zuwa Hausa. Kwinin ɗinsa cikakken awo ya ke bayarwa, mai ɗaci, ba surki. Maganin zazzaɓin da a ke ba mu a asibiti yau shi ma daga ganye ya fito, wani ɗan'uwan tazargade na ƙasar Sin.

Kada kuwa wani ya ce malam ya raina ƙananan halittu. Ko kaɗan. Akwai magunguna na gaske a jikinsu. Matsattsaku, wanda ke maƙale wa shanu a fadama, likitocin fiɗa suna amfani da irinsa da a ka rena cikin tsabta domin janye jinin da ya taru bayan an ɗinke yatsan da ya yanke. Yawunsa na hana jini daskarewa. Tsutsar wani koren ƙuda, ita ma renon ɗakin bincike, a kan sa ta a gyambon da ya ƙi warkewa, ta cinye ruɓaɓɓen nama ta bar mai rai. Hukumar magunguna ta Amurka ta amince da su biyun a 2004. Zuma tana taimakon ƙuna da miki. Har wani sanannen maganin hawan jini, daga binciken dafin wani macijin Barazil a ka samo hanyarsa.

Wanda ya fi kama da maganar Haniman shi ne allurar saran maciji, sabo da haka a lura da bambancin. Tun wajen 1895 wani likitan Faransa, Calmette, ya nuna hanyar. A tatsi dafin maciji, a riƙa yi wa doki ko tunkiya allurarsa kaɗan kaɗan, ana ƙarawa, har jinin dabbar ya ƙera abin da ke kama dafin ya ɗaure shi. Wannan abin a ke tacewa a ɗura a kwalba. Ba dafin a ke ba majiyyaci ba, makarinsa a ke ba shi, da awo, ta jijiya. Allurar EchiTAb da a ke amfani da ita domin saran kububuwa, da dafin macizan Nijeriya a ka yi ta, an haɗa ta a Birtaniya da Kosta Rika, asibitin Kaltungo a Jihar Gombe kuwa ya yi suna a kan wannan aiki. Kububuwa na sa jini ya ƙi daskarewa, mutum ya yi ta zub da jini ta dasashi da fitsari. In an yi allurar, cikin sa'o'i kaɗan a ɗebi jininsa a kwalba a ga ya daskare. Abu ne da ido ke gani. Baƙin dutsen nan da a ke mannawa a kan sara, wanda har wasu ɗakunan magani na mishan su ka riƙa rabawa a dā da kyakkyawar niyya, an gwada shi, ba ya tsotse dafi.

Yanzu ga inda hatsari ya ke, kuma iri biyu ne. Na kwalbar homiyofati shi ne ɓata lokaci. Ƙwayar ba za ta kashe yaro ba, jiran ta yi aiki shi ne zai kashe shi. Ko wannan ma sai in an surka ta daidai: a 2017 hukumar magunguna ta Amurka ta sami dafin wani tsiro fiye da ƙima a cikin wasu ƙwayoyin homiyofati da a ke ba jarirai masu haƙori. In kuwa kun ga lamba ƙarama kamar 2X ko 3X, ko harafin Q, to akwai abin a ciki sosai, ba sukari kaɗai ba ne.

Hatsari na biyu namu ne na gida, shi ne kuma ya fi tsorata ni. Mai tallan kasuwa ba ya surki. Ku ɗauki hangara, ƙwaron nan da ke sauka a kan gero sa'ad da ya yi bununi, ya kuma biyo hasken fitila da dare. Kowa ya san in an murje shi a wuya, da safe sai bororo kamar ƙunar wuta. To, abin da ya yi wa fata shi ya ke yi wa baki da hanji da ƙoda in an haɗiye shi. Tun zamanin dā a ƙasashe da yawa a ke daka irin wannan ƙwaro a sayar da sunan maganin ƙarfin maza, domin yana ƙona mafitsara, mutum ya ɗauka ƙarfi ne ya zo. Abin da bai kai ƙwayar gero biyu ko uku ba na tsantsar dafinsa ya isa ya kashe ƙato, ba shi kuwa da makari. A Landan a 1954 wani mutum ya sa shi cikin alewar kwakwa ya ba mata biyu da su ke aiki tare, dukansu su ka mutu. Maigida, garin da ba ka san abin da a ka daka a ciki ba, kada kunya ta sa ka saye shi a ɓoye. In fitsari ya fara zafi ko ya fito da jini bayan an sha irin wannan, a tafi asibiti a ranar, a kuma tafi da sauran ƙullin. Lambar NAFDAC ma a jikin maganin gargajiya, a karanta abin da ke rubuce kusa da ita. Sau da yawa an faɗa a fili cewa hukumar ba ta tabbatar da warkarwar da a ke da'awa ba.

Saura tambaya ta uku, ta yaron da kunama ta harba. A'a, 'yar'uwa, kada ki tsaya kan ƙwayar nan. Ki wanke wurin da ruwa da sabulu. Ki sa tsumma mai sanyi, ruwan randa ma ya isa in babu ƙanƙara. Ki ba shi farasitamol daidai shekarunsa. Kada a tsaga, kada a tsotsa, kada a ɗaure da igiya tamau, kada a ɗura masa kananzir ko fetur ko manja. Tsaga da reza mai tsatsa da shafa toka su ne ke kawo ruɓa da ciwon sandarewar jiki, wanda ya fi harbin muni nesa. A ɗakin magani akwai allurar kashe zafi da a ke yi a daidai wurin harbin, cikin 'yan mintoci kuka ya tsaya.

Babba ya iya jimrewa a gida. Yaro ƙarami kuwa, musamman wanda bai kai shekara biyar ba, dafin da ya shige shi daidai ya ke da na babba, jikin kuwa kaɗan ne. Kunamai kuma ba ɗaya ba ne. Baƙin duwu mai manyan hannuwa ya fi ban tsoro a ido, amma siririyar ja ko rawaya mai ƙananan hannuwa da kaurin wutsiya ita ce abar gudu. A wajen Agadas, cikin Jamhuriyar Nijar, irin wannan tana kashe yara. Sabo da haka a zuba wa yaro ido. In ya fara zufa sharkaf, ko yawu na dalala, ko amai, ko idanu na juyawa, ko jiki na karkarwa, ko numfashi na sama-sama, ba a jira gari ya waye. A ta da mai babur. Wanda ke ƙauyukan Kebbe ya san nisan da ke tsakaninsa da babban asibiti, balle in an ce a wuce asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, balle kuma damina ta ɓata hanya. Wannan nisa shi ne dalilin tashi da wuri. Yana da kyau kowane gida ya san tun yau babur ɗin wa zai buga wa ƙofa da dare, a kuma ajiye ɗan kuɗin mai a gefe.

Harbin zuma ko rina ko zirnaƙo shi ma haka. In ƙarin zuma ya maƙale a fata, a kankare shi da farce nan da nan, a sa sanyi. Amma in fuska ko leɓe ko harshe ya kumbura, ko murya ta shaƙe, ko jiki duka ya feso da borin jini, ko mutum ya ji jiri, wannan na iya kisa cikin rabin sa'a. Allurar adiranalin ce maganinsa, a asibiti ta ke.

Sauran aikin na tsakar gida ne. A janye tarin itace da karan dawa da tsofaffin tubala nesa da inda a ke kwana. A toshe tsagar bango. A kakkaɓe tabarma da zane kafin a shimfiɗa, a zazzage takalmi kafin a sa ƙafa, a koya wa yara kada su tura hannu cikin rami ko ƙarƙashin dutse garin neman gyare. Mai fita bayan gida da dare ya riƙe tocila, ya sa takalmi. In da hali a ɗaga shimfiɗar yara a kan gado, a matsar da shi daga jikin bango. Gidan sauron nan da a ke rabawa, in an cusa bakinsa ƙarƙashin katifa ko tabarma ta kowane gefe, yana tare kunama da shanshani da maciji kamar yadda ya ke tare sauro. Hangara kuwa in ta sauka a jiki, a hure ta ko a kaɗe ta da hankali, kada a mare ta. In an riga an murje, a wanke da sabulu nan take, kada hannun ya kai ido.

Masu tambaya a kan ƙaho da tsagar wanzami, na ga wasiƙunku. Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.